Wankan Albasa a Gidan Siemen

Akwai halin da na tsana fiye da sata, domin ɓarawo aƙalla ya san abin da yake yi ba kyau. Halin nan shi ne na babban da yake auna jikin wani da nasa, a yi masa gargaɗi ya ce, "Mu ma haka muka yi, me ya same mu?" Da wannan magana na ga an rushe gida guda a ƙauyenmu, gidan maƙwabcina Siemen, kuma labarinsa zan bayar. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sunana Neel. Ban yi karatu mai nisa ba, tun ina yarinya aka cire ni daga makaranta aka zaunar da ni a sito ina ɓare albasar furen tulif, wato gindinsa mai kama da albasa wanda ake shukawa. Magudanar ruwa ce kaɗai ta raba gidana da na Siemen, da katako ɗaya a kai. Tun da mijina ya rasu, idan lokacin shuka ya zo nakan tsallaka in taya su aiki, don zaman kaɗaici ya fi aiki gajiyar da mutum.

Kowa a yankinmu yana yi wa albasa wanka kafin a binne ta. A tsoma akwatunan cikin babban baho na maganin fumfuna da na ƙwari, a ɗaga, a kai gona. Sauran gidaje sukan tsince ruɓaɓɓun tukuna, tun albasar tana bushe, sannan a yi wankan. Gidan Siemen kuwa a juye suke yi tun zamanin ubansa, wai ruɓaɓɓiya ba ta tona kanta sai ta jiƙe. Saboda haka albasa takan hau bel, shimfiɗar robar nan da inji ke ja, tana ɗigar ruwan magani, mata suna tsaye gefe da gefe suna matsa ta da babban yatsa. Safar hannu tana nan rataye a ƙusa, ana ajiye da ita don ranar da masu duba ma'aikata za su zo. Siemen ya ce roba ba ta jin taushi.

Shekarar da nake magana, muna cikin shan kofin hantsi, Afra matar Siemen ta raba biskit ɗaya-ɗaya ta rufe gwangwani, sai ga ɗan kwangilar da yake kawo mana ma'aikata daga Poland. Ya ce ya zo ɗaukar Danuta, wadda ta fi kowa saurin hannu a bel.

"Ciki gare ta," in ji shi. "Doka ta hana mai ciki taɓa ruwan nan. Na samo mata wurin naɗe kwali."

Siemen ya dire kofinsa. "A tsakiyar shuka? A hannu take ɗauke da cikin?"

"Ka je ka tambayi masu duba ma'aikata, Siemen. Ni ba za a rufe mini sana'a a kan albasarka ba."

Danuta ta ɗauki rigar sanyinta ta bi shi. Siemen ya yi ta waige-waige a cikin siton, har idonsa ya sauka a kan Renske, matar ɗansa tilo, Arend, wadda ta kawo mana kofin. 'Yar birni ce daga Alkmaar, siririya, mai yawan murmushi, ba ta daɗe a gidan ba.

"Ga hannu biyu nan suna zaune banza," ya ce. "Renske, gobe ki tsaya a wurinta."

Renske ta dubi mijinta. Arend ya dubi takalminsa.

"Baba," ta ce a hankali, "ni ma haka ne, kamar Danuta. Ba mu so mu faɗa da wuri ba ne."

Afra ta tashi ta rungume ta. Siemen har hula ya cire, ya daki kafaɗar ɗansa ya ce, "Ashe kai ma namiji ne, ana raina ka!" Aka yi dariya, aka sake buɗe gwangwanin biskit, abin da ban taɓa gani ba a gidan. Da aka gama murna ya mayar da hularsa.

"To madalla. Gobe da safe ke nan."

"Amma Baba, yanzu fa aka ɗauke Danuta saboda..."

"Danuta ma'aikaciya ce. Ke 'yar gida ce. Doka ta ma'aikata ce, ba ta shiga tsakanin uba da 'ya'yansa. Ko kin taɓa ganin na biya ki albashi?"

Kun ji fa. Doka ta tsare baƙuwa, zumunci ya miƙa 'yar gida.

Ta tsaya a bel, kusa da ni. Bayan 'yan kwanaki ta je ganin ungozoma, ta dawo daidai abincin rana. Muna zaune a tebur, dankali da kabeji a gabanmu, ba ta taɓa nata ba.

"Ungozoma ta ce in nisanci bahon," ta ce. "Wai zuciyar ɗa a makonnin farko ake ƙera ta, tun uwa ba ta fara jin motsi ba. Ta ce masu bincike sun gwada wasu irin magungunan nan a kan ɓeraye masu ciki, 'ya'yan suka taso zuciyarsu ba ta ginu daidai ba."

Siemen ya yi dariya har ya ƙware, sai da Afra ta buga masa baya.

"Ɓeraye! Afra, kin ji? Ni ina sayen guba in kashe su a sito, can kuma likita ake kai musu ya saurari ƙirjinsu. Mu ɓeraye ne? Arend, tashi mu gani ko kana da wutsiya."

Arend ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ci gaba da cin abinci.

"Uwarsa da cikinsa ta tsaya a bel ɗin nan har ranar naƙuda," in ji Siemen, "lokacin magani yana magani, ba wannan ruwan shayin da suke sayar mana yanzu ba. Dube shi. Kamar ƙofar sito."

"Haka ne, 'yata," Afra ta ce, idonta a kan faranti. "Ciki ba ciwo ba ne. Aiki ma yana sa a haihu da sauƙi."

Ba ta faɗi ciki biyun da suka zube mata kafin Arend ba. Ni na sani, ni na wanke zannuwan.

"To ko safar hannu in sa," in ji Renske.

"Ki sa safa ki ruɓar mini da gona? Ruɓaɓɓiya ɗaya ta shiga ƙasa ta ɓata na kusa da ita. Wake ɗaya ke ɓata gari."

"A jikin jarkar akwai hoton gargaɗi, Baba. Mutum da wani abu kamar tauraro a ƙirji."

"Lambar yabo ce aka liƙa masa, don ya yi aiki bai yi surutu ba. Ci abincinki ya huce."

Shukar shekarar nan ta yi tsawo, don ruwan sama ya yi ta katse ta. Kullum da duhun safiya Renske tana bel. Ruwan maganin yana da sanyi, yakan bi hannun riga ya gangara har gwiwar hannu, ya zauna a nan har yamma. Da farko yatsunta suka yi ja. Daga baya fatar ta tsattsage a gindin farce, ruwan yana shiga tsagar, takan ja numfashi ta haƙora ta ci gaba. Warin bahon yana tayar mata da zuciya. Sai ta ruga bakin magudana ta yi amai, ta kurkure baki, ta dawo, don bel ba ya tsayawa. Da hannun nan take riƙe burodi da cuku a lokacin hutu, ranar da ta iya ci. Murmushin nan nata ya yi ta raguwa kamar sabulu a ruwa.

Wata rana ta zo da safa siririya irin ta asibiti, kusan ba a ganinta a hannu. Ba ta yi nisa ba Siemen ya zo wucewa da motar ɗaga kaya. Ya sauka, ya tona akwatin da ta tsince, ya yi ta tonawa sai da ya samo guda ɗaya mai taushi. Ya matse ta a gaban hancinta.

"Kin gani? Ga aikin roba."

A cikin akwatina da ya tona da ya sami uku. Ta cire safar ta sa a aljihu.

Ranar Litinin ranar wanki ce, kuma wankin gidan a kanta yake. Rigunan da mazan suke sawa su haɗa magani, waɗanda suka yi tauri da shi, a injin wanki ɗaya suke shiga da tufafinta da zannuwan gado. Da ta ce a raba, Afra ta ce, "Inji ɗaya ne, 'yata, nan ba otal ba ne. Haƙuri maganin zaman duniya. Ni ma haka na tarar."

Mijin nata kuwa, ba mugu ba ne, kuma wannan shi ne abin takaicin. Yakan shafa mata mai a hannu, ya ce, "Ki daure, saura kaɗan. In ruwa ya riga mu gona ta yi caɓi, shekara ta tafi. Kin san halin Baba. In na yi magana yanzu sai gidan ya kama da wuta. Bari a gama shukar." Tausayin da ba ya iya buɗe baki, da shi da babu duk ɗaya.

Na ja ta gefe na ce, "Yarinya, kina da 'yar'uwa a birni. Ki tafi wurinta har a gama."

Ta jingina da bango, idonta a rufe. "Goggo Neel, in na fita yanzu ba za su sake kallona 'yar gida ba. Arend kuma zai tsaya a tsakiya. Saura kaɗan ai."

Kowa a gidan nan da "saura kaɗan" yake kwana.

Sai na je na sami Siemen a bakin baho, yana juya ruwan da sanda.

"Siemen, tun kana yawo da gajeren wando na san ka. Ka cire yarinyar nan daga bel. Ni zan yi nawa in yi nata."

"Ke? Da yatsun nan naki da suka lanƙwashe kamar ƙugiya? Ai don zumunci nake barinki a siton."

"Jikanka ne a cikin nan."

"Shi ya sa. Gonar nan tasa ce, gara ya saba da warinta tun yanzu. Neel, tsallaka katakonki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Wani mai ɗakin sai rufi ya faɗo masa a ka yake sani."

Ya juya mini baya. Ban daina zuwa ba, don in na daina, aikina ma a kanta zai koma. Haka muka yi har aka binne akwati na ƙarshe, aka zubar da bahon.

Cikin hunturu, wata rana da yamma, na hango Renske tana tsallako katakon a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki. Ranar suka je hoton cikin, ita da Arend. Na dafa mata shayi, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Mai ɗaukar hoton ta yi ta hira," ta ce. "Ga kai, ga ƙafa, ga shi namiji ne. Arend har yana dariya. Da ta zo ƙirji sai ta yi shiru. Goggo, ta daɗe tana shiru. Sai ta ce bari ta kira likita."

"Me ya ce?"

"Wai zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Nasa ɗaya bai girma ba. Da zarar ya fito sai an buɗe ƙirjinsa, kuma ba sau ɗaya ba. In ya rayu."

"Kin faɗa masa aikin da kika yi?"

"Shi ya tambaya. Na nuna masa hannuna. Ya ce ba zai iya rantsuwa shi ne dalili ba, ciwon yakan sami ɗan wadda ba ta taɓa ganin gona ba. Amma ya ce da ya gan ni a lokacin, da bai bar ni na koma siton ba ko na yini ɗaya."

Ba ta yi kuka ba. Ta gaji da yawa. Ta ɗora kai a kan teburina barci ya ɗauke ta, na bar ta.

Da maganar ta isa kunnen Siemen, rabi ya ɗauka ya bar rabi.

"To kun ji," ya ce da ni washegari a bakin magudana, ban ma tambaye shi ba. "Likita da kansa bai rantse ba. Mu a danginmu ba mai ciwon zuciya. Ita fa? Ba zuciya ce ta kashe ubanta ba? Abu a jini yake, sai a zo a ɗora wa albasa."

"Ubanta da furfura ya mutu, Siemen, bayan ya sha tabar duniya."

"Zuciya dai zuciya ce."

Afra ta kunna kyandir a coci, ta shiga saƙa 'yan riguna ba ji ba gani. Arend ya daina magana, ya koma fita tun asuba, ya dawo ya faɗi kamar buhu. Renske kuwa aka ce an yi mata sauƙi: aka ba ta kujera a ɗakin gilashi, inda ake fitar da furen hunturu, tana ɗaure su dami-dami. Ƙafafunta suka kumbura. Duk bayan ɗan lokaci ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa babban asibiti a sake duba zuciyar, don kullum akwai abin da ya hana Arend raka ta. Ta dawo, ta zauna a kujerarta, ta ɗauki igiya. Ba wanda yake tambayarta abin da aka ce, sai ni.

Da bazara ta shigo, gonaki suka yi kore, aka fara feshi kamar kowace shekara. Gonar Siemen har gindin tagar ɗakin baya take zuwa, inda Renske ta kafa gadon jariri. Abu ɗaya ta roƙa, a gabana ta roƙa.

"Baba, ba na ce kada ka yi feshi ba. In za ka yi, ka gaya mini kawai, in rufe taga in kwashe shanya."

"Zan riƙa aiko miki da takarda da hatimi," ya ce. Amma ya gyaɗa kai, duk muka ɗauka ya yarda.

Wata safiya ta wanke kayan jaririn duka, 'yan rigunan da Afra ta saƙa da 'yan huluna da zannuwa, ta jera su a igiya. Ina tsaye a tagata ina kallo, kai ka ce kayan 'yar tsana ne. Sai iska ta kwanta, abin da ba kasafai take yi mana ba. Ban ankara ba na ji ƙarar tarakta. Siemen ne, ya buɗe fikafikan injin feshi, ya biyo gefen gona. Hayaƙin maganin ya tashi fari, ya sauka a kan igiyar daga wannan kai zuwa wancan, ya shiga tagar da take buɗe.

Renske ta fito da kwando a hannu, cikinta ya yi gaba. Ta tsaya. Da ya juyo layi na biyu ya gan ta, ya rage wuta ya leƙo.

"Iska ba ta jiran wanki!" ya ɗaga murya. "Ki sake ɗauraye su, ai ruwa ba ya ƙarewa a ƙasar nan."

Ta ajiye kwandon a ƙasa. Ba ta taɓa ko riga ɗaya ba. Ta shiga gida, ta fito da jakar hannu, ta tsallako katakon.

"Goggo Neel, kira mini yayata ta zo da mota."

Muna jira sai ga Arend, da taɓo har gwiwa. Ya tsaya a bakin ƙofata bai shigo ba, don kada ya ɓata mini daɓe.

"Renske, haba. Mutane za su yi magana. Baba bai gan su ba ne."

"Ya gan su."

"To ki bari a gama haƙar albasa, mu tafi tare, mu kama ɗaki kusa da asibitin. Na yi miki alkawari."

"Ka zauna ka gama, Arend. Da an gama shuka, ga fure. Da an gama fure, ga feshi. Kullum akwai abin da za a gama. Ni na gama nawa."

Ya dube ni ko zan sa baki. Na ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya." Motar ta zo, ta shiga, ba ta waiga ba. Kayan jaririn suka kwana a igiya har ruwa ya dake su, sannan Afra ta kwashe.

Naƙuda ta zo a tsakiyar haƙa. Yayar ta kira wayar Arend ba a ɗauka ba, ƙarar inji ta hana shi ji, sai ta kira ni. Na ɗauki sandata na ratsa gonar, ina ɗaga hannu har ya tsaya. Siemen yana bayan injin yana lura da akwatuna.

"Sauko," na ce da Arend. "An shiga da ita ɗakin haihuwa."

Siemen ya dubi sama, hadari ya haɗo daga teku. "Ka ƙarasa layin nan tukuna. Likitoci ne za su yi aikin, ba kai ba. Me za ka je ka yi, ka riƙe musu almakashi?"

Arend ya daɗe yana kallon ubansa, kamar yau ya fara ganinsa. Sai ya sauko, ko injin bai kashe ba.

"Gonarka ce, Baba," ya ce.

Ya miƙe ya ratsa kunyoyin gonar ya nufi titi. Siemen yana kiransa, ruwa ya sauko.

Yaron ya rayu. Yana ɗan kwanaki aka buɗe ƙirjinsa, aka sake buɗewa kafin ya iya zama. Na je na gan shi a cikin akwatin gilashi, robobi sun fi shi yawa. Renske tana zaune a gefensa, ta rame kamar kara, yatsa ɗaya a cikin tafin hannunsa.

Sau ɗaya Siemen ya je asibitin, Afra ce ta matsa masa. Ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ina wurin, don tare muka hau jirgi. Renske ta fito ta tare mu a baranda.

"Mama, ki shiga. Goggo Neel, ki shiga." Ta dubi surukinta. "Kai ka tsaya nan."

Fuskarsa ta yi ja. "Ni na sa masa ciwon? Wane likita ya faɗa? A kira shi ya faɗa a gabana."

"Ban ce kai ka sa masa ba, Baba. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai taɓa sani, da wannan zan kwana har in mutu. Abin da na sani shi ne an gaya maka, ka yi dariya."

Ya dubi Arend. Arend yana tsaye a bayan matarsa, wannan karon bai dubi takalminsa ba. Siemen ya zauna a benci da hula a hannu, har muka fito.

Likita bai rantse ba, ni ma ba zan rantse ba. Ni ban san ɓera ba, ban san ɗakunan zuciya ba. Amma wanda aka ce masa ƙanƙarar kan rafi ba ta yi kauri ba, ya tura mai ciki ta taka don shi ya taɓa tsallakewa, ko ta tsallake lafiya ya yi laifi. Balle ba ta tsallake lafiya ba. Kuma ku masu cewa 'yar gida ce, ku sani wadda ba a biya albashi ita ta fi cancantar a tsare ta, don ba ta da ɗan kwangilar da zai zo ya ɗauke ta.

Yanzu yaron yana tafiya. Yakan yi 'yan taku ya tsuguna ya huta, leɓɓansa su yi shuɗi, sannan ya tashi ya ci gaba. Akwai sauran aiki ɗaya da za a yi masa. Kwanan baya ina shara a bakin magudana, Siemen ya zo ya tsaya a ɗaya gefen, ya daɗe yana gyaran murya.

"Neel. An ce kin je wurinsu."

"Na je."

"Da wa yake kama?"

"Da kai," na ce. Ya juya ya koma ciki.

To ga lissafin abin da Siemen ya girba. Ɗa ɗaya gare shi, yau yana tuƙa motar haya a birni, ya ce ko a tukunya ba zai sake shuka fure ba. Mata ɗaya gare shi, ta tafi taya reno na ɗan lokaci, ta aiko aka kai mata kayan saƙarta da sauran tufafinta. Albasar da aka bari a ƙasa ranar nan ruwa ya ruɓar da ita. Gonar da ubansa da kakansa suka noma, baƙo ne yake shuka kabeji a cikinta. Shamuwar katako da maƙwabta kan kafa a ƙofar gidan da aka yi haihuwa, ba a kafa ta a ƙofarsa ba. Sunan da ɗan fari kan gada daga kakansa a gidan nan tun kaka da kakanni, ba a ba yaron ba, Jurre aka sa masa, sunan da ba na kowa ba. Sai jika ɗaya, mai kama da shi kamar an tsaga kara, wanda bai taɓa ɗauka a hannunsa ba, kuma in sun haɗu a hanya yau, yaron zai wuce shi kamar yadda ake wuce kowane tsoho.